Saniyar Cikin Waya Ta Yi Shiru

Ku samarin da ke zama a kan bencina kuna jiran wayoyinku su cika, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin tsoho Hamidu ba aiki ba ne, danne-danne ne kawai, ko ɗan lakkwal, yaron makaranta, zai iya. To ku gyara zama. Na shiga sana'ar nan tun babu wayar aljihu ko ɗaya a ƙasar Kurfai, kuma har yau ban ga wanda ya ƙware a cikinta don yatsunsa suna da sauri ba.

Aikin farko da aka ba ni hura garwashi ne. Maigidana Sumana, wani Bazabarme mai gajeren haƙuri, yana da rumfar gyaran rediyo a bakin tashar Filinge. Zamanin mulkin soja ne, a rediyo ake jin wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, don haka mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da rediyonsa ya kwana a mace. Kayan aikinmu ba su cika ƙaramar jaka ba: ƙarfen dalma da ake cusawa cikin wuta ya yi ja, turnabis na kwance kusoshi, babba da ƙarami, allura, da gashin zabo na share rairayi. Na daɗe ina hura wutar nan kafin a yarda in kwance ko da murfin baya. Ranar da ya fara miƙo mini rediyon wani mahauci, na kwance komai na shimfiɗa a tabarma ina jin kaina, sai ya leƙo ya juya batir ɗaya da aka sa a baibai, rediyo ya kama waƙa a warwatse. Ya ce da ni, "Kai rediyo kake kallo. Ni mai rediyon nike kallo tun daga bakin hanya."

A rumfar nan muna da wani aikin kuma, ɗaukar murya a kaset. Rabin samarin Kurfai suna cirani a bakin teku, iyayensu ba su rubutu, sai su zo su yi magana a na'ura a ba direba ya kai. A nan na fara gane cewa kowa da irin tsoron da yake wa na'ura. Mushen lakkwal, wato malamin makaranta, zai gyara murya ya yi magana kamar mai karanta labarai. Manomi zai cire hula ya yi ta gaisuwa, ya gai da ɗansa, ya gai da maƙwabtan ɗansa da bai taɓa gani ba, har zaren ya ƙare bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Aikina ne in tsayar da shi cikin ladabi in ce, "Baba, zancen rumbun hwa?" Sumana kuma yana tsaye yana gargaɗi kada kowa ya ambaci hukuma, don a lokacin ba ka san kunnen da kaset zai bi kafin ya isa ba.

Da salula ta shigo, furfura ta riga ta fara mini. Abokan sana'ata da yawa suka ce wannan ba tamu ba ce, suka koma gona. Ni kuwa na riƙa sayen matattun wayoyi ina farke su ina kallon cikinsu da madubin ƙara girma, na ƙona wasu, na tada wasu. Na fara caji da batirin mota, daga baya na kafa farantin hasken rana a kan rumfa. Na sayi moto, wato babur, ina bin kasuwanni, Bonkuku, Damana, har Abala, akwatin kayan aiki a baya. Duk inda na kafa laima, kafin in gama shimfiɗa an jeru.

A jerin nan ne za ka ga yadda waya ɗaya ta raba mutane. Ma'aikaci ko mushe yana karanta duk abin da ta rubuto masa, ba ya zuwa wurina sai gilashi ya fashe, ya tsaya a kaina yana duba agogo. Ɗan kasuwa bai san Faransanci ba amma lamba ba ta ɓace masa, da wutsiyar lamba yake gane kowane abokin cinikinsa. Manomi yana son mai maɓalli, wadda ke da tocila da rediyo, ni nake ajiye masa mutanensa da alama, tauraro wansa ne, gicciye mai taki ne. Makiyayi kuwa ya fi ni sanin tudun da ke da rezo, wato sabis ɗin waya, daga nan har iyaka, kuma a saƙon murya ba wanda ya kama ƙafarsa, amma ranar da wayar ta rubuto masa kalma ɗaya, ta zama dutse a hannunsa. Sai tsofaffin mata. Su wayar tasu ce, amma hannun da ke taɓa ta na 'ya'ya ne da jikoki, ranar da mai hannun ya yi tafiya an rufe musu ƙofa.

Wani manomi daga Imanan ya taɓa kawo mini tasa yana rantsuwa aljanu sun shiga. Jikansa ne ya yi wasa da ita ya juya ta zuwa wani rubutu mai kama da sawun kaji, wanda ko mushe ba ya karantawa. Ban karanta ba ni ma. Na san dai inda kowane ɗaki yake a cikin irin wayar, kamar yadda kake shiga ɗakinka ba fitila, na bi a hankali na maido ta. Da wannan kaɗai ne da na yarda aikin danne-danne ne. Abin da ya fi wuya shi ne kada ka yi dariya. Dattijo ne mai iyali, ya yi tafiyar safiya guda a kan jaki, in ka yi masa dariya a gaban mutane ba zai sake tambayar kowa komai ba har ya mutu. Na ce masa irin wannan ciwon yana yawo bana, ko jiya na yi maganin irinsa.

Sai ga shekarar da hukuma ta hana hawa moto. Mutanen daji masu bindiga sun ƙone dogayen ƙarafan rezo a wurare da dama, kasuwannin arewa suka mutu, hanya ta zama abin tsoro. Na jingine motona a zaure har kaji suka mai da shi wurin kwana. Na koma gyaran tocila da tsofaffin rediyoyi, wata rana in wuni ban kunna ƙarfen dalma ba. Amma a cikin shekarar nan na yi aikin da na fi alfahari da shi a duk rayuwata.

Ran wata kasuwar Filinge ce, da bazara. Wata dattijuwa Bafillatana ta tsaya a bakin rumfata da ƙwaryar nono a ka. Ba ta shigo ba, ba ta wuce ba, tana ta kallon rediyoyin da na rataye.

Na ce, "Sannu da rana, Inna. Shigo inuwa."

Ta sauke ƙwaryar, ta kwance bakin zane, ta fito da wani abu a naɗe cikin leda da tsumma. Babbar waya ce mai gilashi, irin wadda ban saba gani a hannun tsofaffin ruga ba.

"Mi yas same ta, Inna?"

"Saniya ta bar magana."

"Wace saniya?"

"Ta cikin nan."

Daga wata ruga take a Tondikandiya, gefen Damana. Ta riga ta je rumfuna biyu kafin tawa, kuma samarin can ba su yi kuskuren gane ciwon ba. Manhajar saƙon murya ce ta tsufa tana neman a sabunta ta, wayar kuma ta cika maƙil babu wurin sabuntawa. Suka ce mata ta faɗi sunan wanda take magana da shi su rubuta lambarsa a gefe, su share komai su zuba sabo. Ita kuwa ta karɓe abarta ta fito.

Na kunna. A bayan rubutun Faransancin da ya tare gilashin, mutum ɗaya ne tak a ciki, ba suna, sai hoton wata jar saniya mai dogon ƙaho.

Na ce, "Wa yas sa miki hoton ga?"

"Mai kiwonta."

"Ɗanki na?"

Ta kau da kai, ta shiga gyara faifan da ke kan ƙwarya, alhali a daidai yake. Nan take na gane, don ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba, in tana so in ci abinci sai ta ce da ƙanwata, "Gaya wa wancan tuwo na hucewa." Mu Hausawa muna wannan kunyar, amma ta Fulani ta ninka tamu. Uwa ba ta tambayar lafiyar ɗan farinta, ba ta nuna tana kewarsa, ko an ce ya mutu ba a son a ga hawayenta.

A hankali, da tambaya ta gefe, na haɗa zancen. Mai kiwon ya kai shanu arewa da Abala tun kaka. Shi ya saya mata wayar, ya nuna mata abu ɗaya: in ta ji ƙara, ta taɓa saniya, ta taɓa 'yar kibiyar, za ta ji murya. Ita sauraro kawai take yi. Autarta ce ke mai da amsa, ita ce kuma ke share tarkace in wayar ta cika. Sai autar ta tare gidan mijinta can nesa, ba a jima ba saniya ta yi shiru.

"Tun yaushe, Inna?"

"Wata ya mutu, wani ya tsaya, ga shi ya raba."

Duk tsawon kwanakin nan tana zaune a ruga tana jin labarin abin da ake yi wa makiyaya a arewa, ba ta da bakin tambayar kowa. Ta riga ta yanke a ranta cewa ya mutu. Ta dube ni a karo na farko ta ce, "In saniyat ta mutu, ka hwaɗa mini. Amma kada a taɓa abin da ag ciki."

Abin da ke ciki muryarsa ce, saƙo a kan saƙo tun daga kaka, su ne suka cika wayar. In na share su, sabbi za su samu hanyar shigowa, idan akwai sabbin. Idan kuwa babu, na share mata abin da ya rage na ɗanta a duniya da hannuna.

Na ce ta ba ni lokaci. Ramin katin ajiya ya toshe da rairayi da man shanu, na bi shi da allura da 'yar auduga har ya buɗe. Na sa sabon kati na kwashe muryoyin nan kaf na zuba a ciki. Sannan na ciro katin na sa shi a wani ɗan rediyo mai cin kati, na danna. Muryar saurayi ta fito tana gaisuwa da Fillanci, ga wayar kuma a kashe a kan tebur. Ta dubi rediyon, ta dubi wayar. Na ce, "Kin gani, na sauya musu ɗaki. Ko wayag ga ta hwaɗa rijiya, suna nan." Sai ta ce, "To."

Na share, na fara sabuntawa. Ran kasuwa rezon Filinge kamar rijiyar rani yake, kowa na ja. Ina da wani dogon gora da na ɗaura wa gwangwani a kai don irin wannan rana. Na jefa wayar a gwangwanin na ɗaga sama da rumfa na ɗaure, muka zauna muna jira, tana kallon gora ina kallon gora. Sai da aka kira azahar aikin ya kammala.

Ina sauko da ita ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙo na bin saƙo. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon tocilan da ke rataye kamar saye za ta yi. Na riƙa danna su bi da bi. Yawon kasuwanni ya koya mini Fillancin da zan gane. Na farko gaisuwa ne, shanu lafiya, tafki ya ƙafe sun koma rijiya. Na gaba yana tsokanar auta, wai aure ya sa ta manta da mutane. Daga nan wasa ya fita daga muryar. Yana tambaya ko lafiya, yana roƙon ko wa ke kusa da wayar ya yi magana. Na ƙarshe gajere ne. Ya ce zuciyarsa ta ƙi kwanciya, in jibi ta yi bai ji komai ba zai bar shanun a hannun abokinsa ya taho gida da ƙafa.

Na duba, saƙon jiya ne. Jibin da yake faɗa gobe ke nan. Kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan a shekarar ya san abin da ake nufi da saurayi Bafillace shi kaɗai a hanyar arewa. Soja da mutanen daji, kowane ɓangare kallon ɗan ɗaya ɓangaren yake masa.

Na gwada kira, ba ta shiga. A cikin saƙonninsa ya faɗa cewa sai ya gama shayar da shanu da yamma yake hawa wani tudu ya samu rezo. Ke nan dole amsa ta riga shi isa tudun nan yau.

Na ce, "Inna, bari in yi mishi magana in ce kina lahiya."

"Bai san ka ba."

Gaskiyarta. Baƙuwar muryar namiji a wayar uwarsa, bayan shiru mai tsawo, a irin wannan shekara, ba gobe zai taho ba, a daren zai kamo hanya. Auta ba ta kusa. Murya ɗaya ce za ta zaunar da shi, mai ita kuma ba ta taɓa yi masa magana ba.

Na fara da yatsa, don shi ne mai sauƙi. Igiyar guga da taɓarya sun mai da babban yatsanta kamar ƙirgi, gilashin ba ya jin sa sam. Muka gwada ɗaya bayan ɗaya har muka samu ƙaramin yatsanta na hagu, shi ne mai sauran laushi. Na buɗe mata lambata don gwaji, na nuna mata inda za ta danna ta riƙe, kada ta ɗaga sai ta gama. Ta danna ta ɗaga kamar ta taɓa wuta. Ta sake, ta riƙe, ta rasa abin faɗa. Na ce ta yi tallan da take yi kullum. Ta ce, "Nono, nono mai kyau." Na kunna mata a tawa wayar, ta ji kanta, ta rufe baki tana dariya, ta ce wannan tsohuwar ba ta iya talla ba.

Sannan na buɗe saniyar na miƙa mata. Dariyar ta ɗauke. Ta danna, ta riƙe, leɓunanta na motsi, babu abin da ya fito. Ta ɗaga yatsa, saƙon ya tafi ba komai a ciki sai numfashi da hayaniyar kasuwa.

Na ce, "Inna, numfashi bai isa ba. Cewa zai yi ciwo ya hana ki magana."

"Ban taɓa ba."

"Na sani."

Ban ce mata ta ajiye kunya ba. Ba a cewa mace mai furfura ta tuɓe abin da ta yafa tun tana amarya, a tsakiyar kasuwa, a gaban baƙo. Na dai dubi hoton na ce, "Wagga saniya, ta wa ce?"

"Tawa ce. Da uwatta anka kawo ni gidan miji."

"Mi as sunanta?"

"Saige."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta gyara zama, ta ɗora ƙaramin yatsan, ta yi magana da Fillanci, murya a tsaye kamar tana bakin garke.

"Saige, ni ce. Ƙafafuna lafiya, ina cin abinci. Waya ce ta yi ciwo, an yi mata magani. Ki gaya wa mai kiwonki ya zauna inda yake. Kada ya bar ki, kada ya hau hanya. In ruwa ya sauka ku taho tare."

Ta ɗaga yatsa. Na nuna mata 'yar alamar da ta fito a ƙasa, na ce guda ɗaya na nufin ya bar hannunmu, in ta zama biyu ya isa. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta zuba wa alamar ido.

Aka yi la'asar. Masu rumfuna suka fara naɗe tabarmi. Nononta ko ludayi ba ta sayar ba. Motar Damana ta cika, direba ya aiko a ce mata za su tashi, kuma a lokacin ba motar da ke yarda magariba ta same ta a hanya. Ta ce su ɗan jira. Ya sake aikowa, ya fara danna oda. Ni kaina na fara lissafin gidan da zan kai ta ta kwana, ina kuma tunanin ko yau bai hau tudun ba.

Sai ta ce, "Mai rediyo, sun zama biyu."

Ita ta fara gani, ba ni ba. Jim kaɗan wayar ta yi ƙara. Na miƙa hannu in karɓa bisa sabo, ba ta ba ni ba. Ta sa ƙaramin yatsanta ta danna da kanta. Wallahi a duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa jin girmanta kamar a lokacin ba.

Da farko iska ce kawai. Sai kukan saniya, kusa sosai, kamar an kai wayar bakinta. Sannan muryar saurayin, rabi dariya rabi wani abin.

"Saige ta ji. Ta ce ba inda za mu."

Inna ta sake dannawa ta saurara har ƙarshe. Ta naɗe wayar cikin leda da tsumma, ta haɗa da ɗan rediyon, ta ƙulle a bakin zane. Ta juye mini nonon a kwanona ba ta tambaye ni ba, ta ɗora ƙwarya a ka. Har ta fita daga inuwa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Saniyag ga ta rame. Na ji ga kukanta."

Ta nufi mota.